Kujerar Makkan Hadimin Tafki

Kasiruddin mijin yayata ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana hadimin hubbaren Waliyyi a ƙauyenmu Nolkhola, kamar yadda ubansa ya yi, da kakansa. Hubbaren ba wani abin kallo ba ne, ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a gindin tsamiya. Ainihin aikin tafkin ne. An ce Waliyyin ya haƙa shi da almajiransa a wata shekarar fari, ya bar wasiyya cewa na masu ƙishirwa ne, mutum ko dabba. Ba a jefa raga a cikinsa, ba a shiga da sabulu, ba a tura shanu. Mai wanki ta ɗebi ruwa a bokiti ta tafi bayan giginyu. In bazara ta yi tsanani, famfunan tuƙa-tuƙa suka fara fitar da iska, ƙauyuka huɗu nan suke sha.

Akwai kunkuran ruwa a ciki, wasu faɗinsu ya kai faifai. Kowace safiya Kasiruddin yakan sauka matakalar da ƙwaryar guggurun shinkafa, ya buga sandarsa sau uku a kan dutse, sai ka ga kawuna suna ɓullowa. Ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ni tela ne, sunana Nobir, shagona yana kallon matakalar, don haka kullum a idona ake yi.

"Dulabhai," nakan ɗaga masa murya, don haka muke kiran mijin yaya, "surukanka sun karya? Ka gaishe su."

"Sun fi ka kunya, tela. Su in sun ƙoshi tafiya suke yi, kai kuwa sai yayarka ta kankare maka tukunya."

Ishak Mondol shi ne shugaban kwamitin masallaci da hubbare. Kiwon kifi ne sana'arsa. Gonakin shinkafa da dama a yankinmu ya mayar da su ramuka, kuma duk wanda ya ga idonsa in ya wuce ta bakin tafkin ya san abin da yake kallo. Sau biyu ya turo a yi wa Kasiruddin maganar hayar tafkin. Na uku ya zo da kansa, da wani mai awo. Kasiruddin ya karɓe igiyar awon ya wurga ta kan tsamiya, ta yi wata guda tana lilo a can. Kwamiti na da ikon rubuta kowace takarda, amma babu ma'aikacin da zai yarda ya sa ƙafa a ruwan muddin tsohon yana zaune a matakala da sandarsa. Mutane na tsoron bakinsa.

Abu ɗaya ne yake karya shi, kuma duk ƙauyen ya sani. Duk shekara in maniyyata za su tashi, shi yake yi musu addu'a a bakin mota, shi yake ɗora musu jaka, sannan ya tsaya a titi har ƙura ta kwanta. Ranar ba ya cin abinci. Ya kai sittin da takwas, ga tari ya kama shi, abin da ake jefawa a akwatin hubbare kuwa bai wuce na man fitila da guggurun kunkuraye ba.

Bayan ƙaramar salla Ishak ya sake zuwa gidan. Ina nan, muna cin shinkafa da romon wake a tsakar gida. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya zauna a ƙasa kamar ɗan gida.

"Baffa, ba maganar tafki ta kawo ni ba. Wannan na bar ta har abada. Lokacin da Inna take asibiti na yi bakance, in ta tashi zan kai wani bawan Allah Makka. Ga ta can tana zagin jikoki. Na duba gabas da yamma, ban ga wanda ya fi ka ba."

Lomar da ke hannun Kasiruddin ta tsaya a hanya.

Da Ishak ya fita, yayata Fuljan ta fito daga madafi tana goge hannu da bakin zanenta.

"Baban Rahela, kwana nawa ake yi a can?"

"Arba'in, ko da ɗan ɗoriya."

"Kwana arba'in babu kowa a matakala."

"Ke fa? Ga ƙanenki kuma, ba abin da yake yi sai kallon mata masu ɗiban ruwa."

"Ni ba a tsoron bakina. Shi kuma wannan, shagon da yake zaune a ciki na waye?"

Na sunkuyar da kai, don shagon na Ishak ne.

"Mutum ya ce bakance ya yi," in ji Kasiruddin, murya ta fara tashi. "Zan tsaga ƙirjinsa in duba ne? Allah ya kira ni ɗakinsa, ke kina so in ce masa ina da kunkuraye?"

"Ishak ne ya kira ka."

"Ki yi istigfari!"

"Na yi. Kai ma ka yi."

Bai ƙara cin abincin ba. Amma washegari ya je birni aka ɗauki hotonsa.

Ni na ɗinka masa jakar wuya ta takardu da ɗamarar harami. Ranar da ya zo gwadawa babu kowa a shagon, sai na yi ƙarfin hali.

"Dulabhai, jiya an sauke buhunan abincin kifi a ɗakin ajiyar Ishak. Sun fi ƙarfin ramukansa."

Yana ta jan ɗamarar yana sassautawa, bai ɗago ba.

"Ban sa hannu a komai ba, Nobir. Ban dangwala yatsa a takardar kowa ba. Ka ƙara rami ɗaya a nan, ta yi mini yawa."

Ana gobe tafiya ya kira Ishak gaban hubbaren, a idon jama'a, ya sa shi ya dafa ƙofar ya ce ba zai taɓa tafkin ba. Ishak ya dafa, ya ce shi Ishak Mondol hannunsa ba zai taɓa ruwan nan ba. Mutane suka ce madalla. Yaya tana tsaye a baya, ta tofar da ruwan ganyen da take taunawa ta juya gida.

Kwana tara da tashinsu, da hantsi, motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin tafkin ta yamma. Mutum shida ne, baƙi, daga wata gunduma aka ɗauko su. Suka sauke ƙaramin kwalekwale da gwangwanaye masu murfi. Sakataren kwamiti ya liƙa takarda a jikin tsamiya: an ba surukin Ishak hayar tafkin shekara uku, za a gina wa masallaci hasumiya da abin da aka samu. Liman ya sa hannu. Ishak kansa yana birni ranar.

Yaya ta fito da sandar mijinta, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta tsaya a matakala tana kiran mutane da sunayensu.

"Sobhan! Ba a nan uwarka ta ɗebi ruwan wankan sunanka ba? Afsar, kai da ka sha ruwan nan lokacin kwalara! Nobir! Fito mana!"

Na fito. Na tsaya a ƙofar shagon da almakashi a hannu, nan ƙafata ta tsaya. Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba. Na tuna keken ɗinkina, da 'ya'yana, da labulayen sabon masallaci da aka ce ni zan ɗinka.

Baƙin ba su ko zo ta wajenta ba. Suka tura kwalekwalen ta ɗaya gefen, suna tuƙi a hankali suna watsa wasu ƙwayoyi masu launin toka, irin na kashe ƙwarin rumbu. Haka masu kiwon kifi suke yi, sai sun kashe duk abin da ke ruwa kafin su zuba nasu, kada a cinye musu 'ya'yan kifi. Yaya ta shiga ruwan har ƙirji tana dukansa da sanda tana tsine musu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Inna, ki fita, abin nan yana ƙona fata." Da ladabi ma ya faɗa.

Kafin azahar tafkin ya yi fari da cikin kifi. Akwai waɗanda suka girme ni a cikinsu. Sai kunkurayen suka fara fitowa. Ta matakala suka fito, yawancinsu, don nan suka saba samun mutum. Suna jan jiki a kan dutse, wuya a miƙe, baki a buɗe. Baƙin suka zagayo da buhuna. Akwai masu sayensu a hayin iyakar ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba baƙin ba ne. Mutanenmu ne. Wani ya ce in an cire hanji da wuri naman ba ya komai, sai ga mata da kwanduna, ga maza sun naɗe zane sun shiga. Mutanen da suke shafa matakalar nan su shafa a goshi suna ture juna a kanta. Sobhan da Afsar har da dambe a kan wani ƙaton kifi. Da yamma duk ƙauyen ƙamshin suya yake. A gidana ma an soya. Na ce ba na ci, sannan na ci.

Yaya ta samu ta fizge kunkuraye uku. Ta naɗe su a zanenta ɗaya bayan ɗaya ta kai kwamin siminti da suke shayar da akuya, ta cika shi da ruwan famfo. Ɗaya bai kwana ba. Fatar hannuwanta da ƙirjinta ta yi sati biyu tana saɓulewa.

Ana jibi Arfa Kasiruddin ya bugo a wayata. Na kai mata, na tsaya. Ina jin muryarsa yana kuka, yana cewa ya ga Ka'aba da idonsa, ya taɓa ƙyallenta, ya yi wa kowa addu'a. Ya tambayi 'yarsu Rahela da mijinta. Ya tambayi akuya ko ta haihu. Ya tambaya ko an gyara yoyon ɗaki. Yaya tana amsawa da "eh" da "a'a". Da suka gama ta miƙo mini wayar.

"Ka ji?"

"Na ji, Yaya. Lafiyarsa ƙalau."

"Mutumin da in ya kwana ɗaya a gidan biki sai ya aiko a duba masa ruwa. Ya tambayi akuya, bai tambayi tafki ba."

Ranar da ya dawo Ishak ne ya ɗauko shi a motarsa. Aka rataya masa furanni, 'yan makaranta suka yi waƙa, kowa na "Haji Saheb, Haji Saheb", wato Alhaji. Ya rame, ya yi baƙi, hular ta yi masa yawa. Tun daga titi warin ya tare shi. An kewaye tafkin da shingen gora, an shimfiɗa zare a samansa don tsuntsaye, ana juye kashin kaji buhu-buhu don kifi ya yi saurin girma. Ruwan ya koma kore, mai kauri. Ya tsaya a bakin shingen da furanninsa a wuya. Ya daɗe. Mutanen da suka rako shi suka zame ɗaya bayan ɗaya.

A gida ya buɗe jarkar zamzam, ya zuba a ƙaramin kofi ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

"Innar Rahela, ruwan ɗakin Allah ne."

"Ba da ruwan nake faɗa ba. Ka ajiye, in ka amsa mini zan sha. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ya dafa ƙofar hubbare a gabanki."

"Ba shi na tambaya ba."

Na tashi zan fita, ya ce in zauna. Ya ajiye kofin a ƙasa. Ya cire furannin.

"Na sani," ya ce. "Tun da ya cire takalmi a ƙofa na sani. Na ce a raina in na je can zan roƙi Allah ya tsare ruwan, ai addu'ar can ba ta faɗuwa. Da na tsaya a Arfa na ɗaga hannu, na roƙa wa kowa, har wannan telan. Da na zo kan tafkin bakina ya ƙi. Ta yaya zan ce masa ya tsare abin da ya ba ni tsaro na baro?"

Yaya ta ɗauki kofin ta shanye. Ta ɗaga hannuwanta ta nuna masa tabon.

"Ni ga nawa hajjin," ta ce, ta shige madafi.

Juma'ar farko, bayan an sallame, ya miƙe a sahun gaba. Ya ce tafkin wakafi ne, ba na kwamiti ba ne, ba na liman ba, ba nasa ba. Ya ce a kwashe kifin a yashe ruwan kafin damina ta wuce, ko ya cika da sabon ruwa. Ya ce hasumiyar da aka gina da ƙishirwar mutane ba za ta kai kiran salla ko'ina ba. Da a ce bara ne, da masallacin ya yi tsit. Ishak ya bari ya gama, sannan ya yi magana daga zaune, a tausashe.

"Haji Saheb ya gaji, rana ta can ba irin tamu ba ce. Baffa, ni hannuna bai taɓa ruwa ba, kowa shaida ne. Hasumiya kuwa, in abin da aka gina ta da shi haram ne, to daga aljihu ɗaya ya fito da kuɗin jirgi. Sai malamai su duba mana duka biyun."

Wani ya yi dariya a baya, wasu suka kama. Liman ya ce a yi salati. Kasiruddin ya tsaya yana duban fuskoki, yana neman mutum ɗaya. Da idonsa ya zo kaina na duƙa ina neman takalmina.

Daga ranar bakinsa ya daina ba kowa tsoro. Ya hana a kira shi Haji, sai yara da manya suka mayar da shi abin tsokana. Ya je ofishin gunduma sau uku da takardar koke da wani malamin makaranta ya rubuta masa, aka ce ya kawo shaidar wakafi. Waliyyin bai bar takarda ba.

Bazarar shekarar ta zo da wuri. Famfuna suka ƙafe kamar kullum, sai dai wannan karon babu inda za a nufa. Matanmu suka riƙa tafiyar awa guda zuwa injin ban ruwa na gonakin Ishak, a ba su awa biyu da rana tsaka. Waɗanda suka gaza suka tace na tafkin da zane. 'Yar Sobhan ta fari, mai goyo, ta yi kwana huɗu tana gudawa, aka kai ta asibiti a keken kaya, ba ta dawo ba. A wajen zaman makoki aka ce kwana ne ya ƙare. Hasumiya ta kai rabi.

Famfon gidan Yaya ma ya tsaya. Ruwan da take ɗaukowa a ka, tulu biyu a rana, shi ake sha, shi ake girki, shi ake zuba wa kunkuraye biyun nan a kwami. Sun daina cin komai. Bayansu ya fara yin fari-fari. Wata safiya Kasiruddin ya zo shagona, karo na farko tun ranar masallaci.

"Tela, rufe shagon. Ka ɗinka mini ɗamara na tafi, yau ka ɗaukar mini buhu."

Muka sa su a jiƙaƙƙun buhunan algarara, muka hau motar safe zuwa babban kogi, tafiyar awa biyu. Yaron motar ya ce me ke motsi, Kasiruddin ya ce baƙin Waliyyi ne. Mutumin ya ɗauka hauka ne ya ƙyale mu.

Kogin rabinsa yashi ne. Muka yi tafiya mai nisa a kansa, yana tari yana tsayawa, kafin mu kai inda ruwa yake da zurfi. Ya durƙusa ya buɗe buhun farko. Ƙaramin ya shige ruwa nan take. Da ya buɗe na biyu, babbar ta tsaya a gaɓa, rabin jikinta a ruwa, ta ƙi gaba. Ya riƙa ɗiban ruwa da tafinsa yana zuba mata a baya.

"Tafi mana, baiwar Allah. Ba ni da wani wurin."

Sai na lura da mutum biyu a kan wani kwalekwale da aka ja gaɓa, ƙasa da mu kaɗan. Masunta ne. Ɗaya yana gyaran raga, ɗaya ya ɗora mashi a cinya. Sun daina abin da suke yi, suna kallonmu.

Kasiruddin ya je wajensu. Ya yi musu sallama, ya faɗa musu daga inda dabbar ta fito, ya roƙe su don Allah. Mai mashin ya saurara har ƙarshe.

"To, Baffa, mun ji. Allah ya ba da lada." Ya dubi ɗan'uwansa. "Motar ƙarshe ƙarfe huɗu take tashi, kada ku makara."

Muka koma muka zauna kusa da ita a kan yashi, babu inuwa. Azahar ta yi, ya yi alwala da ruwan kogin muka yi salla, yana sallamewa ya juya ya duba. Can ta ɗan matsa, ruwa ya rufe bayanta, amma ana hango ta a kwance a ƙasa, a inda bai kai gwiwa ba. Ya shiga ya tura ta da hannu, ta dawo. Su ma mutanen ba su tafi ba. Sun kunna taba.

Da rana ta karkata na ce, "Dulabhai, in muka rasa motar nan, Yaya ita kaɗai ce a gida."

Na kama hannunsa na ɗaga shi, bai yi gardama ba, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na naɗe buhunan na sa a hammata. Muna cikin tafiya a kan yashin na ji ƙarar kwalekwale ana tura shi ruwa. Na so in waiwaya, ya matse mini hannu.

"Kalli gabanka, Nobir," ya ce. "Ai mun iya kau da kai."